Na gama gyaran MGB ɗina: in yi doguwar tafiya da ita ko in adana ta?

Mai MGB: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kamar yadda wasunku suka sani, MGB ɗin nan ta 1971, ƙaramar mota ƙirar kamfanin MG na Birtaniya, da na daɗe ina fama da ita ta fito daga gareji. An sauke injin an yi masa aiki gaba ɗaya, sabbin ringi, sabbin bawul, an yanke duk inda tsatsa ta ci a gindin bodi an yi walda, an yi fenti. Yanzu ina so in ɗauke ta in yi tafiya ta kwanaki da ita, ni da ƙanina, mu riƙa kwana a hanya. Mutanen gida sun ce ganganci ne, motar da ta haura shekara hamsin ba ta doguwar hanya ba ce. Ni kuma zuciyata ta ƙi yarda. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi. Me zan duba, me zan ɗauka, kuma in bar kwantak ɗinta na asali, wato ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa don ba fulogi wuta, ko in sa na lantarki?

Mai Son Asali: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sanya alheri, na ga hotunan kuma aikin ya yi kyau ƙwarai. Amma ni ina tare da mutanen gidanka. Babbar mota ɗaya ta wuce ka ta watso tsakuwa, fentin gaban ya tashi aiki. Rana ta dafa kujerun, ruwan sama ya shiga ta gefen rumfar ya kwanta ƙarƙashin kafet, tsatsar da ka kora ta dawo. An daina ƙera motar nan tun 1980 da aka rufe masana'antarta ta Abingdon a Ingila. Duk wadda ta lalace ta tafi ke nan. Ka riƙa fita da ita da yamma kana zagayawa kana dawowa, ya wadatar.

Bakanike: Alhaji, da girmanka, a nan ban bi ka ba. Motocin da ake kawo mini da matsala mafi muni ba masu yawo ba ne, na ajiya ne. Mota in ta zauna, robobin birki sukan bushe su fara yoyo, kuloci ya manne da fulayiwil, mai ya tsufa a kafireta ya zama danƙo ya toshe jet, taya ta kwanta a gefe ɗaya. Shi kuma ɗan zagayen yamma na minti goma da ka faɗa ya fi komai cutar da inji, domin baƙin mai bai yi zafin da zai kore damshin da ke cikinsa ba. Damshin nan shi ne farin kumfar da kake gani a murfin baƙin mai, irin wannan damshin ne kuma yake cinye salansa daga ciki. Sannan batun ƙarewa, an ƙera MGB fiye da dubu 500 tsakanin 1962 da 1980, kuma har yau ana yin kayanta sababbi, hatta bodin kansa. Ba irin motar da za a ji tsoron taɓawa ba ce.

To amma Malam mai mota, ga inda nake so ka tsaya ka saurare ni. Motar da aka gama gyarawa jiya ta fi tsohuwar da ke kan hanya kullum hatsarin tsayawa. Dalili kuwa, kowane noti a jikinta hannun mutum ne ya ɗaure shi kwanan nan, kuma cikin ɗaruruwan nan dole a sami wanda bai ɗauru ba. Kowane tiyo sabo ne, bai taɓa yin zafi ya huce ba, kilif ɗinsa zai saki. Sabon gasket na tof silinda yakan kwanta. Kayan da ake yi yanzu a madadin na asali kuma ba duka ne masu kyau ba, kuma marar kyau a farkon aikinsa yake mutuwa. Don haka kada tafiyar kwanakin nan ta zama ita ce gwajin farko. Kilomita nawa injin ya yi tun da aka haɗa shi?

Mai MGB: Bai yi nisa ba, Oga. Zagaye ne kawai kusa da gida, ban ma taɓa wuce giya ta uku da shi sosai ba.

Bakanike: To ka ga ba ka isa maganar tafiya ba tukuna. Ka fara ba shi kamar kilomita 800 a hankali. Kada ka taka totur har ƙasa, kada ka bar shi yana nishi a babbar giya a hawa, kuma kada ka riƙe gudu ɗaya na tsawon lokaci, ka riƙa hawa kana sauka don ringi su zauna. Bayan haka ka zubar da baƙin mai ka canza filta, saboda ɗan garin ƙarfen da sabon aiki ke fitarwa yana ciki. Ka sake ɗaure notocin tof silinda da sifana mai awo, bisa jerin da littafin motar ya nuna, 45 zuwa 50 a ma'aunin fam-ƙafa. Da ka taɓa su kuwa tazarar bawul ta canza, sai ka sake saita ta, inci 0.015 inji na sanyi. Daga nan ka bi ƙarƙashin motar da sifana ka taɓa kowane noti na ƙafafu, na sitiyari, na furofela, na salansa.

Sai ka fara gwaji mataki-mataki. Fitar awa ɗaya ka dawo, ka ajiye ta a kan kwali mai tsabta ta kwana, da safe ka duba abin da ya ɗiga da inda ya ɗigo. Sai fitar rabin yini. Sai ta yini guda, da kaya a but da mutum a gefe, a shiga cunkoso da gangan, a hau tudu. In ta yi wannan ba ta yi tari ba, to ta shirya.

Mai Datsun: Maganar Oga Bakanike babu abin cirewa. Ni Datsun 240Z ce da ni, silinda shida ce amma kafiretocinta irin tsarin SU ne, wato irin na MGB, da kamfanin Hitachi ya yi, don haka ciwonmu kusan ɗaya ne. Abin da zan ƙara shi ne zafi. A buɗaɗɗiyar hanya iska na shiga lagireto, babu damuwa. Matsalar tana zuwa ne in ka sauko daga gudu ka faɗa cunkoso, fanka tana juyawa a hankali tare da inji, allurar geji ta fara hawa. In an yi wa injin aiki amma ba a wanke lagireton ba, ka cire shi a wanke cikinsa sosai ko a sauya masa zuciya. Ka kuma duba farantin da ke tsakanin kafireta da manifol ɗin hayaƙi, a MGB suna gefe ɗaya, kafireta a sama, wuta a ƙasa. In bayan farantin ya zube, mai zai riƙa tafasa a cikin kofin kafireta. Alamar ita ce ka tsaya shan mai, ka dawo bayan minti biyar ta ƙi tashi, in ta huce kuma ta tashi kamar ba komai.

Tsohon Direba: A cire tamostat kawai a huta. Mu haka muka riƙa yi a da.

Bakanike: Baba, an yi hakan da yawa, amma ba magani ba ne. Tamostat ba ya hana inji sanyi, yana sa shi ya kai zafin aikinsa da wuri ne ya tsaya a nan. In ka cire shi inji zai daɗe yana aiki da sanyi, yana shan mai, yana wanke silinda da fetur. In yanayin da za a bi mai zafi ne, akwai mai buɗewa a digiri 74 maimakon 82, a sa wannan. Motar da ke tafasa da tamostat mai lafiya, ciwonta na wani wuri ne: lagireto ya toshe, fanbel ya saki, tayimin ya yi baya, ko cakuɗin mai ya yi ƙaranci.

Tsohon Direba: To, na ji. Ku ne masu aikin yanzu. Amma dai ya ɗauki ruwa a jarka, wannan ba ya tsufa.

Sabon Shiga: Don Allah ku yi haƙuri da tambayar koyo. Na ji an ce waɗannan motocin da fetur mai dalma aka yi su, yanzu kuma babu shi. Ba zai lalata injin ba?

Bakanike: Tambaya ce mai kyau, ƙanena. Dalmar da ke cikin fetur na da tana kwanciya a mazaunin bawul ɗin hayaƙi tana kare shi. Tof silindan MGB baƙin ƙarfe ne na zubi, kuma in babu wannan kariyar bawul yakan riƙa cin mazauninsa yana nutsewa a hankali, musamman a doguwar tafiya da inji ke juyawa da ƙarfi na sa'o'i. An daina sayar da fetur mai dalma na motoci a duniya baki ɗaya a 2021, Aljeriya ce ta ƙarshe. Magani biyu ne: a dasa mazauni mai tauri a tof silinda, ko a riƙa zuba maganin da ake sayarwa don haka a tanki. Malam mai mota, da aka yi aikin an dasa?

Mai MGB: An dasa, wannan na tsaya a kai da kaina.

Mai Datsun: Madalla. Abin da ya fi damuna a fetur na yanzu shi ne etanol. A ƙasashe da yawa ana gauraya shi, Birtaniya ma ta koma E10, wato kashi 10 cikin ɗari, a 2021. Etanol yana cin tsohuwar roba, yana kuma jan damshi. Duk tiyon mai da ke motar, har ɗan guntun da ke kusa da tanki wanda kowa ke mantawa, ya zama irin wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana jure etanol. Na taɓa ganin tiyo a waje lafiya lau, da aka lanƙwasa shi sai ga tsaga-tsaga kamar busasshiyar fata, mai yana tsattsafowa.

Mai Son Asali: Duk na ji, kuma na ga ba za a hana shi tafiya ba. To aƙalla a bar motar yadda aka ƙera ta. Na ga ya yi tambaya a kan kwantak na lantarki. Daga nan ake farawa, gobe a sa fankar lantarki, jibi a sa giya mai biyar ta wata mota, gata a ce kafireta ta tsufa. Ƙarshe sai ka ga bodin MG ne kawai ya rage. In mutum sabuwar mota yake so ai suna nan.

Mai Datsun: Alhaji, na lantarkin yana cikin distirbuta, wato mai rarraba wuta ga fulogi, rufe da murfi, babu mai gani. Kuma ya fi kwantak ta kowace fuska. Kwantak yana da ɗan dunduniya da ke gogar kam, tana cinyewa, tazara na raguwa, tayimin na gushewa. Na lantarki babu abin da ke gogar wani, ka saita sau ɗaya shi ke nan. Tun da na sa a tawa ban sake buɗe wurin ba.

Hajiya Mai Spitfire: Sannunku da muhawara. Ni ina da kwantak a tawa, kuma ba don son asali kaɗai ba. Kwantak in zai mutu yakan yi gargaɗi, mota ta fara tsallen wuta, ta fara wahalar tashi. Ko a bakin hanya ne, da sukudireba da ɗan takardar yashi da filageji ka goge bakinsa, ka mayar da tazara inci 0.015, ka ci gaba. Na lantarki ranar da ya ga dama sai ya ɗauke gaba ɗaya, ba abin da za ka goge. Wanda zai yi nisa da gida ya fi buƙatar abin da zai iya gyarawa da hannunsa.

Mai Datsun: Hajiya, amma kwandensan da ake samu yanzu fa, wanda ke aiki tare da kwantak? Sabo fil a kwali ya mutu cikin mako.

Hajiya Mai Spitfire: Gaskiya ne, shi da rota ma. Shi ya sa ba na ɗaukar sabo da ban gwada ba. In na saya sai in sa shi a motar, ya yi aiki, wanda na cire mai lafiya shi ne zai shiga jakar tafiya.

Bakanike: Wannan dabarar ta Hajiya ita ce daidai a kan duk wani kayan safaya, har fanbel da tiyo. Game da gardamar kuwa, kowa na da gaskiya. Abin da nake yi wa masu tafiya shi ne, in sun fi son na lantarki in sa musu, amma in haɗa farantin kwantak da kwandensa da wayarsa, an riga an saita, in sa a leda a but. In na lantarkin ya mutu, sukurori biyu ne, cikin kwata ɗin awa an koma tsohon tsari. Sharaɗi ɗaya ne: mai motar ya yi wannan canjin sau ɗaya a gida da hannunsa, da rana, ba ranar da ya tsaya cikin duhu zai fara koyo ba. Kuma kada a sa sabon abu ana gobe tafiya. Duk abin da za a canza a canza shi kafin gwaje-gwajen nan da na lissafa.

Mai Son Asali: In dai za a ajiye na asalin ba a jefar ba, kuma ba a huda komai ba, na rage adawa. Amma giya mai biyar kam ban yarda ba.

Mai MGB: Kwantar da hankalinka Alhaji, tawa tana da obadiraib tun daga masana'anta, wato ƙarin giya da ake shigarwa da makunni don rage juyin inji a gudu.

Tsohon Direba: To ai ka gama da rabin wahalar hanya. Ba tare da shi ba, a gudun kilomita 100 injin yana juyi kusan 3,500 a minti, kunnuwanka za su gaya maka da yamma. Da ka taɓa makunnin nan sai ya sauko wajen 2,800, mota ta yi shiru, mai ya ragu. Ka tabbata man giyabos ya cika, domin shi obadiraib da matsin wannan man yake aiki, kuma a MGB baƙin mai na inji ake zubawa, 20W-50, ba man giya mai kauri ba. Sannan a gwada makunnin da ke hana shi shiga a ribas. In ya shiga kana baya, ka fasa shi.

Hajiya Mai Spitfire: Kowa yana ta inji, ba wanda ya yi maganar tsayawa. Inji in ya mutu ka gangara gefe ka tsaya, birki in ya mutu fa? Malam, taya nawa ne shekarunsu? Motocin nan ba sa cinye taya, sai ka ga zanenta cike amma robar ta ƙeƙashe. A gefen kowace akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 mako na 23 ne na 2019. In sun doshi shekara goma ka sauya, har da safaya, in kuma ƙafafun masu waya ne har da tib ɗin ciki. Man birki yana shan damshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, in ba haka ba a doguwar gangara sai ya tafasa feda ta tafi ƙasa. Da yawa daga MGB na wannan zamanin layin birkinsu ɗaya ne, tiyo ɗaya ya fashe duka ƙafa huɗu sun tafi, saboda haka birkin hannu ya zama yana kamawa da gaske. A gangara kuma ka sauko da giya, kada ka kwanta a kan birki.

Sai kai kanka direba. Motar nan ba ta da na'urar sanyi, ba ta da fawa sitiyari, ga iska, ga ƙara, ga zafin giyabos a ƙafarka. Tazarar da kake yi a motar zamani a yini, a wannan ka yi lissafin rabinta. Rumfa a buɗe tana da daɗi da safe da yamma, da tsakar rana ka rufe ta. Kuma ka riƙa isa masauki kafin duhu, fitilunta ba na yanzu ba ne, ga ta ƙasa-ƙasa, masu manyan motoci ba sa ganinta da wuri.

Mai MGB: Na gode Hajiya. Na fita na duba yanzu, tayoyin da suka zo da motar ne kuma sun haura goma. Za a sauya.

Sabon Shiga: Ni fa wannan zaren ya koya mini abin da ban samu a ko'ina ba. A jakar tafiyar me da me ake sawa, tunda but ɗin ƙarami ne?

Bakanike: Abin da zai iya tsayar da kai kuma za ka iya canzawa a bakin hanya, shi kaɗai. Fanbel, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, kwantak, kwandensa, rota, murfin distirbuta, kwil, fulogi, fiyus, ƙwan fitila, guntun tiyon mai da kilif, waya da salatif. Sifanu kuma na inci, ba na milimita ba, wannan yana kama mutane da yawa. Baƙin mai, man birki, ruwan Baba, tocila, igiyar ja, jak da ka gwada. Kada ka manta da famfon mai. Na MGB na lantarki ne, yana baya kusa da akwatin batir, kana kunna makulli za ka ji yana tik-tik-tik har kofunan su cika ya yi shiru. Ranar da ka kunna ba ka ji ba, kwantak ɗin cikinsa ne ya manne, ɗan bugu da ƙotar sukudireba yakan tashe shi ya kai ka masauki, amma gargaɗi ne, a canza. Kowace safiya kafin a tashi: baƙin mai, ruwa, man birki da na kuloci, iskar taya, a leƙa ƙasa. Ɗan man da ke saman kafiretocin SU ma a duba, in ya ƙare za ka taka totur ta yi jinkiri. Giris na ƙafafun gaba duk wajen kilomita 5,000, ka yi shi kafin tafiya.

Mai MGB: 'Yan'uwa, na dawo da rahoto. Na kammala sassauta injin, an yi sabis ɗin farko, an sa taya. A fitar rabin yini komai lafiya, matsin baƙin mai yana wajen 60 a gudu, zafi a tsakiya. Amma da na tsaya na buɗe bonet sai na ji warin fetur. Na duba, kofin kafireta ta baya yana ambaliya, mai yana fita ta ɗan bututun da ke saukowa gefen inji, ɗigo-ɗigo, har ya yi ɗan tabo a ƙasa. Na kashe ta na bar ta ta huce, na ƙwanƙwasa murfin kofin, ya tsaya, na dawo gida a hankali.

Mai Datsun: Alhamdu lillahi da bututun yana wurinsa. Wasu sukan cire shi lokacin gyara ba su mayar ba, sai man ya zuba kai tsaye a kan manifol. Ka sa abin kashe gobara a cikin motar, inda hannunka zai kai kana zaune, ba a but ba.

Bakanike: Allurar fulot ce, wadda ke rufe shigar mai in kofin ya cika, datti ya shiga tsakaninta da mazauninta. Sukurori uku ne a murfin, ka buɗe ka duba gindin kofin. In ka ga jan gari, tsatsa ce daga tanki, kuma za ta sake dawowa. An wanke tankin lokacin aikin?

Mai MGB: An yi masa fenti a waje, amma ba a buɗe cikinsa ba. Na buɗe kofin, akwai jan garin kuwa.

Bakanike: To a sauke tankin. In tsatsar ta yi yawa, musamman a samansa inda ruwa ke kwanciya tsakaninsa da ƙasan but, sabo ya fi, ana samu. A busa layin mai daga baya zuwa gaba, a sa filta kafin kafireta, a canza allurai biyun duka. Sannan ka maimaita fitar rabin yinin daga farko, kada ka tsallaka zuwa ta yini guda.

Mai Son Asali: Malam, in za a sauya tankin, ka ajiye tsohon murfinsa da gejin cikinsa. Kuma ka sa leda mai kare fenti a gaban bonet da bayan ƙafafu kafin ka tafi, ana ɓare ta daga baya ba ta barin tabo.

Mai MGB: Zan yi haka Alhaji, na gode. Oga Bakanike, filtar ta roba mai nuna ciki ko ta ƙarfe?

Bakanike: Mai nuna ciki, don ka riƙa ganin abin da ke tahowa daga tanki. Ka ɗaure ta nesa da manifol, ka kuma sa guda ɗaya a jaka.